Daga Sakkwato zuwa bakin teku a kan keke, da ɗan guzuri kaɗan

Wani matashi daga Mabera ya aiko da tambaya. Shi da abokinsa sun gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna, suna da ɗan abin da suka tara daga alawus, kuma suna so su hau keke daga nan Sakkwato su ratsa ƙauyuka har su ga teku, in da hali su zarce Kwatano da Lome da Akra. Yana so ya ji ko abin zai yiwu, wane keke ya dace, nawa za su tanada, kuma a ina za su riƙa kwana.

Zai yiwu, ƙanena. Na daɗe ina gyaran keke, kuma ni da wani aminina mun taɓa yin irin wannan tafiya har gaɓar Togo. Sai dai zan fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ku ɗaura wa kanku cewa tun daga ƙofar gida har bakin ruwa sai a kan feda. Sabon titin da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, wanda zai haɗa Sakkwato da Badagiri, tsawonsa kilomita 1,068 ne, wato nisan ba abin tsoro ba ne ga matasa biyu masu lafiya. Abin tsoron yana tsakiya. Tsohuwar hanyar kudu ta bi ta Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, ta haye Neja a Jebba. Dajin da ke ɓangaren jihar Neja ya yi shekaru yana fama da 'yan bindiga, direbobin da suka san kowane rami a titin ma lissafin lokaci suke yi kafin su shiga. Mai keke kuwa ba ya wuce kilomita 15 a awa idan ya yi kaya, ba inda zai tsere. Hanyar da iyayenmu 'yan kasuwa suka saba bi ta Kamba da Gaya a haye gada zuwa Malanbil ita ma ta rikice tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar ta daɗe a rufe, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, arewacin Benin kuma yana da nasa hare-haren. Gabashin jiharmu, su Isa da Sabon Birni, ba sai na gaya maka ba.

Saboda haka ku raba tafiyar gida biyu. Ƙauyen da kuke marmarin gani ku gan shi a nan kusa, inda kuke jin yare kuma kuna da dangi. Sannan ku ɗaura kekunan a mota ku tsallake tsakiyar ƙasar, ku sauka Ibadan ku ci gaba da tuƙi. Ba abin kunya ba ne. Fataken da suka yi ta kai kanwa da fata Gwanja suna dawowa da goro, ba madugun da yake kutsa ayarinsa cikin dajin da ya ji ƙishin-ƙishin a kansa don a ce masa jarumi. Tambaya yake yi a kowane zango, in hanya ta ɓaci ya kewaye. Ku ma masu ba ku labarin hanya direbobin tasha ne da 'yan kamasho, domin labarin makon jiya ba ya aiki a wannan makon.

Kafin ku sayi komai, ku yi gwaji. Argungu kimanin kilomita 100 ce daga nan. Ku tambayi halin da hanyar take ciki, in lafiya ku ɗora duk kayan da kuke shirin tafiya da su, ku je a kwana biyu, ku ga gidan tarihin Kanta da Matan Fada, ku dawo a kwana biyu. A cikin kwana huɗun nan za ku gane ko sirdin zai bar ku ku zauna, ko gwiwa za ta yi ƙara, wane kaya ne kuka ɗauko a banza, kuma ko za ku iya jure wa juna da yunwa da gajiya. Na ga waɗanda niyyarsu ta ƙare a Boɗinga.

Lokaci kuwa, tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu kun san Sakkwato, zafi yana haura digiri 40, mai tuƙa keke a irin wannan rana yana wasa da ƙodarsa ne. Hunturu yana da wata fa'ida da mutane ba sa lura da ita: iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, mai nufar kudu da yamma tana tura shi ta baya. A bakin teku kuma lokacin rani ne, domin babbar daminarsu daga Afrilu zuwa Yuli take, sai wata 'yar ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Amma a can iska za ta juya muku. Galibi daga kudu maso yamma take zuwa, kuma tana ƙara ƙarfi bayan azahar, ga shi ku yamma kuka nufa. Maganinta sammako. Ku yi asuba, gari na wayewa ku hau, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya kun ci kashi biyu cikin uku na tafiyar yini, ku nemi inuwa har la'asar. Kilomita 60 zuwa 80 a rana ya wadatar. Tuƙin dare kuma ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Batun keke shi ne inda matasa suka fi ɓarnar kuɗi. Za ku ga sababbi masu walƙiya a kasuwa, da sifirin mai shanye gargada a gaba da baya da birki mai faifai, farashi kuma da sauƙi. Ku wuce su. Sifirin na baya yana shanye ƙarfin da kake takawa, ba ya barin a ɗaura kariya yadda ya kamata, kuma irin na arahar nan ba ya wata guda sai ya fara lilo. Ku nemi ɗan Beljiyam mai jikin ƙarfe, taya mai lamba 26, birki na roba da ke kama rim, da giya ko da bakwai ce a baya. Dalilina ɗaya: duk abin da ya lalace a jikinsa, mai faci na ƙauye yana da shi. Ƙarfe in ya tsage, kowane mai walda zai ɗinke maka, jikin alminiyam kuwa sai ka nemi gwani a birni. Taya 26 da tif ɗinta ana samunsu daga Tambuwal har Aflawo ta ƙasar Gana. Tsohon Phoenix ko Raleigh na gida ma zai kai ku, shi da yake ɗaukar buhun gero, amma rashin giya zai gasa muku aya a hannu a tuddan ƙasar Yarabawa, za ku yi ta sauka kuna turawa. In son samu ne kekunan biyu su zama masu girman taya ɗaya, tif ɗaya da famfo ɗaya su ishe ku.

Idan kun saya, kada ku hau sai an kwance shi. A buɗe gindin feda da tsakiyar ƙafafun biyu, a sa sabon boris da giris, a sa sabuwar sarƙa, sababbin wayoyin birki da robobinsu, a ɗaure wayoyin rim ɗin baya su yi tsam, domin nan nauyi yake sauka kuma nan ake fara karyewa. Ku tsaya a kan mai gyaran yana yi kuna kallo, ku karɓi sifana ku gwada da hannunku. Wanda bai iya cire ƙafar baya ya yi faci ya mayar ba, bai shirya tafiya ba. Sirdi a ɗaga shi yadda idan dunduniyarka tana kan feda a can ƙasa ƙafar za ta miƙe sosai. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Kayan gyara: tif biyu, faci da sholisho, famfo, sifana mai daidaitawa, filaya, makullan alan, wayoyin rim guda biyar ko shida a ɗaure jikin keke, ɗan man sarƙa, da tsohuwar tif da aka yayyanka, wadda ta fi kowace igiya riƙe kaya. Jakunkunan Turawa masu rataya a kariya suna da tsada, ba ku buƙatarsu. Mai ɗinkin tamfol zai haɗa muku guda biyu kamar mangalar jaki, ko ku yanke bakin jarkoki biyu masu lita goma ku ɗaure hagu da dama. Nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa, kada ya wuce kilo 15 ga kowa ban da ruwa, kuma kada ku goya komai a baya. Hular kwano da riga mai haske da ƙaramin madubi a kan keke, waɗannan ku saya. Tirela ba ta kauce wa kowa, in kun hango ta a madubi ku sauka gefen titi kawai.

Daga Ibadan, shawarata ku kauce wa Legas. Shiga Legas da keke mai kaya, ga wanda bai san garin ba, wahala ce da haɗari ba riba, hanyar Badagiri zuwa Seme kuma shingayen jami'ai sun yi mata yawa. Ku bi ta Abekuta, kimanin kilomita 80, ku hau dutsen Olumo in kuna so, sannan Ilaro, ku fita ta iyakar Idiroko ku faɗa Igolo ta ƙasar Benin, daga nan Porto Novo ba nisa. A can ku je ku ga babban masallacin garin, wanda aka gina da fasalin gine-ginen bayin da suka dawo daga Barazil, in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka coci ne. Kwatano tana gaba da kilomita talatin da 'yan kai, garin 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, kuma a nan za ku fara jin ƙamshin gishiri a iska. Sai Wida, kilomita 40, inda aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa, sai Giran Popo, sai iyakar Togo a Hilakonji, Aneho, Lome. Kwatano zuwa Lome kimanin kilomita 150 ne, gaɓar Togo gaba ɗayanta ba ta kai 60 ba, a yini guda za ku ratsa ƙasar. Iyakar Gana a bakin birnin Lome take, kana fita unguwa kana Aflawo, daga nan ku haye kogin Bolta a Sogakofe, kusan kilomita 200 ne daga Aflawo zuwa Akra, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara. Duka-duka daga Ibadan wajen kilomita 600, wato kwana goma na tuƙi, da hutu da yawon gari ku ce mako biyu da rabi. Agogon Benin ɗaya ne da namu, na Togo da Gana yana bayanmu da awa guda. Teku kuma ku tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Igiyar wannan gaɓa tana ja ta ƙasa, iyon da kuka koya a gulbin Rima ba zai yi muku amfani ba.

Takardu ba wurin tsimi ba ne. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS daga ofishin shige da fice, da ita za ku shiga ƙasashen uku ba biza har kwana 90. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, a yi allurar aƙalla kwana goma kafin ku isa iyaka, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har abada. Rasit na kowane keke da lambar jikinsa a rubuce. Ku ƙara da kwafin shaidar bautar ƙasa da wasiƙa daga mai unguwa ko hakimi mai bayyana ko ku su wane ne da abin da ya fito da ku. Wani zai ce wannan ya yi yawa. Bai yi ba. Bayan abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 'yan Arewa bisa zargi, ya kamata kowa ya san cewa baƙo mai kaya a ƙauyen da ba a san shi ba abin tuhuma ne. Kada ku ɗauki wuƙa ko adda ko wani abu mai kama da makami. In 'yan banga suka tare ku, ku sauka, ku gaishe su, ku buɗe kaya tun ba a ce ku buɗe ba. A iyaka ku bi ta ƙofa a buga muku hatimin shiga da na fita, ko da wani ya ce zai zagaya da ku ta bayan gari da rahusa. Hatimin da babu shi a Igolo, a Hilakonji za a tambaye ku shi, kuma a can zai fi tsada.

Yanzu wurin kwana, wanda shi ne yake sa wannan tafiya ta yi wa Bahaushe araha fiye da kowa. Bature mai yawon keke yana ɗaukar tanti da risho, yana neman masauki a intanet. Kai kakanninka sun riga sun shimfiɗa maka masaukai tun kafin a yi kwalta. Akwai Sabo a Ibadan da Abekuta, akwai Zango a Kwatano da Lome, akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, kuma kusan duk garin da ke da kasuwar shanu ko ta albasa ko mai tsire a bakin titi, akwai wanda zai amsa maka sallama da Hausa. Amma abin yana da ladabi. Ku isa gari da la'asar, da sauran rana, ba da duhu ba. Ku wanke jiki ku sauya riga kafin ku tunkari kowa, ku yi salla a masallacin unguwa, bayan an sallame ku gaida liman ku ce ku matafiya ne daga Sakkwato, kuna neman a kai ku wurin Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa. Sunan garin Shehu yana da nauyi a zangunan nan, za ku sha mamakin yadda za a karɓe ku, don haka kada ku zubar da shi. Ku riƙe ɗan tsaraba, dabino ko kilishi, ku miƙa wa mai masauki. Kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu, baƙo raɓa ne. In an ce ba a kwana a masallaci, kada ku yi musu, wurare da yawa sun hana saboda tsaro. Kafin ku tashi ku roƙi mai masaukin ya ba ku lambar wani a gari na gaba, haka za a yi ta miƙa ku hannu zuwa hannu. Duk kwana uku ko huɗu ku kama ɗaki ɗaya a ƙaramin gidan baƙi, ku yi wanki, ku cika waya, ku yi barci mai nauyi. Kwana a daji ko bakin ruwa, a'a. Gidan sauro kuma ko'ina kuka kwanta ku ɗaura shi, sauron kudu ba ya hutun rani, kuma zazzaɓi in ya kama ɗayanku a nemi gwaji a ranar.

Nawa za ku tanada? Duk adadin da na faɗa yau, kafin ku tashi ya tsufa. Ga yadda za ku lissafa da kanku. Ku duba abin da mutum ɗaya yake kashewa a abinci sau uku a rana a wurin mai tuwo na unguwarku, ku ƙara rabinsa, domin mai tuƙa keke yana cin na mutum ɗaya da rabi. Ku ninka da yawan kwanaki. Bayan iyaka ku ƙara kashi ɗaya cikin uku, saboda sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ba ta da wannan gata, abin da yake araha ga ɗan Kwatano ku zai cije ku. Ku sa kuɗin ɗaki na kowane dare na huɗu, kuɗin motar zuwa Ibadan har da na kekuna, da na takardu. Sannan kuɗin motar dawowa tun daga Akra, wannan ku ware shi daban, a ɗinke cikin wando ko a bar shi hannun wani a gida, ba a taɓa shi ko da za a kwana da yunwa. Canji ku yi kaɗan-kaɗan a hannun 'yan canjin zango, kun fi samun gaskiya a can fiye da bakin iyaka. Guzuri daga gida: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, sukari. A hanya ku ci abin da ake saukewa daga wuta a gabanku. A Gana ba za ku yi baƙunta ba, koko da ƙosai ne karin safe, kuma shinkafa da waken da suke ji da ita, wadda suke kira waakye, sunanta ma daga bakinmu ya fito. Ruwa lita huɗu zuwa shida a rana ga kowa, a sha tun ƙishi bai zo ba, in fitsari ya yi ja an makara. Idan gumi ya yi yawa ko gudawa ta kama, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Salla kuwa kuna da rangwamen ƙasaru tunda tafiyar ta haura mil 48, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu.

Saura abokin tafiya, kuma a nan na fi ganin tafiya ta watse, ba a taya ko sarƙa ba. Ni da aminina mun yi yini biyu ba mai ce wa wani uffan tsakanin Kwatano da Aneho. Ya fi ni ƙarfin ƙafa, sai ya yi gaba ya jira ni a inuwa, ina isowa ya miƙe ya ce mu je, shi ya huta ni ban huta ba. Ni kuma ina riƙe da kuɗinmu, duk abin da ya ce a saya sai na ce ya yi tsada. Ba wanda ya yi laifin da za a faɗa, amma kowa ya cika fam. Abin da ya raba mana gardama, wani dattijo mai sayar da goro da muka kwana a shagonsa ya lura, ya ce mai rauni shi ke gaba, mai ƙarfi ya bi baya ya kuma ɗauki kayan gyara da ruwa. Haka muka yi, kuɗin ma muka koma riƙewa kwana bibbiyu. Ku ku yanke waɗannan tun a gida: asusu ɗaya na abinci da ɗaki da gyara wanda kowa ya zuba daidai, a rubuta abin da aka kashe kowane dare, sannan kowa da ɗan nasa na kashewa da ba mai tambayarsa. Ba mai yin nisan da ɗan'uwansa ba zai hango shi ba. In ɗaya ya ce ya gaji, an tsaya. In ɗaya ya ce gida zai koma, tare za a koma, kuma ba gori bayan an dawo. In kuna iya samun na uku ma ya fi, hadisi ya nuna uku su ne ayari kuma su naɗa shugaba a cikinsu, hikimar a fili take: wani ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Iyaye su san hanyar gari bayan gari, kuma ku sa lokaci ɗaya kullum, misali bayan magariba, da za ku kira gida. Ku sauke taswirar yankin a waya tun kuna da intanet, ku sayi layin kowace ƙasa a bakin iyaka. Hotuna ku riƙa sawa a Facebook bayan kun bar wuri, ba kuna cikinsa ba, kuma kada ku ɗauki hoton shinge ko barikin soja ko ofishin iyaka. Daga ranar da kuka fara bin gaɓa, kowace yamma ku goge sarƙa da tsumma ku ɗiga mata mai, domin iskar gishiri tana sa ta tsatsa a kwana biyu, yashi kuma yana cinye haƙoran giya. Idan kun isa Akra ku tambayi farashin ɗora keke a mota zuwa gida, ku kwatanta da abin da za a saye shi a Nima. Mu da muka lissafa a Lome, nawa na sayar, aminina ya ƙi rabuwa da nasa, har yau yana nan yana kai yara makaranta da shi a Gidan Igwai.